Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima: A Koya wa 'Ya'yanmu Karatun Hoto

Duk wanda ya fito daga lungunan Maamobi da sassafe ya nufi kasuwar Nima, kafin ya kai bakin titi ya riga ya yi arba da hotunan da ba zai iya ƙidayawa ba. Ga allon mai aski da kawuna iri-iri a jere. Ga fastocin 'yan siyasa da suka kwana a bango tun zaɓen da ya wuce, rana ta cinye rabin fuskokinsu. Ga tallar masu kai mutane Umara ɗauke da hoton Ka'aba, kusa da ita kuma wata tallar da ke alkawarin aiki a ƙasashen Larabawa, da hoton budurwa tana murmushi a gaban dogon bene. Ga jikin trotro da nasa zane da rubutu. A cikin aljihu kuma ga waya, wadda ke zubo wa yaro hotuna ba dare ba rana.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hotuna magana yake yi. Akwai wanda ya zauna ya tsara shi, ya zaɓi launi, ya zaɓi abin da zai sa a gaba da abin da zai ɓoye, domin yana da buƙata a wurin mai kallo: kuɗinsa, ko ƙuri'arsa, ko yardarsa. Mun tura 'ya'yanmu makarantar allo sun koyi karatun Larabci, mun tura su boko sun koyi karatun Turanci. Amma wannan karatu na uku, wato karatun hoto, mun bar su su tsince shi a titi, in sun yi sa'a. Ra'ayinmu shi ne lokaci ya yi da za a koya wa ɗaliban sakandare yadda ake duban aikin zane a fitar da ma'anarsa da hujja, kuma a fara darasin daga abin da ke ƙofar gidajenmu.

Mu fara da abin da ke ƙasa. A makarantun sakandare na Ghana akwai sashen da ake kira Visual Arts, inda aka yi shekara da shekaru ana koyar da zanen hoto, da tsara tambari da talla, da saƙa da rini, da ginin tukwane, da sassaƙa, da dukanci, tare da darasin sanin fasaha gaba ɗaya, kuma ana rubuta su a jarrabawar WASSCE. Tun da aka soma karatun sakandare kyauta a watan Satumba na 2017, 'ya'yan zango da yawa waɗanda a da sukan tsaya a ƙaramar sakandare sun samu wucewa gaba, wasunsu kuma a wannan sashe suka samu gurbi. Sai dai kowa ya san kallon da ake yi wa sashen. A gidajenmu, in aka ce yaro ya samu kimiyya sai a yi guɗa. In aka ce zane ya samu, sai a sunkuyar da kai a ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Daga nan hasara biyu ke tasowa. Wanda ke cikin sashen yakan koyi aikin hannu da haddar sunaye don jarrabawa, wanda ke wajen sashen kuwa yakan gama sakandare ba a taɓa ajiye masa hoto a gaba an tambaye shi me yake faɗi ba.

Kwanakin baya muna zaune a zaure da wani ɗanmu da ke aji biyu a wannan sashe. Yaro ne mai ƙwazo. Ya jero mana ginshiƙan zane da ka, layi da siffa da launi da sauransu, ya kuma lissafa sunayen gwanayen Turai ba tare da gargada ba. A gefe kuwa ga babbar rigar kakansa an shanya ta bayan Juma'a. Muka nuna masa aikin da ke ƙirjinta muka ce, “To malam ƙarami, wannan fa me yake cewa?” Ya dube ta ya ce, “Baba, wannan ai ado ne kawai.” Tsohon ya yi dariya ya ce, “Kai ja'iri, kana ganin aska takwas ka ce ado ne kawai? Zo ka ƙidaya.” Yaron ya matso ya ƙidaya tsinin asaken nan ɗaya bayan ɗaya, ya ji yadda aka yi watanni ana ɗinka su da hannu, da irin mutumin da ke sa irin wannan riga, da ranar da ake sa ta. Da ya ɗago kai sai ya ce ai ko sau ɗaya bai taɓa zaton wannan ma darasi ba ne. Laifin ba nasa ba ne, ba za mu kuma ɗora shi duka a kan malaminsa ba, wanda ke fama da aji cike maƙil da manhajar da dole a ƙare kafin jarrabawa. Laifin na wata al'ada ce da ta sa muka ɗauka fasaha abu ce da ke cikin littafi ko a bangon gidan tarihi na wata ƙasa.

Alhali mu Hausawa ba baƙin karanta alama ba ne. Iyayenmu da suka biyo hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, har zuriyarsu ta gangaro Kumasi da birnin nan da suke kira Ankara, sukan dubi tsagar fuskar baƙo su san garinsu kafin ya buɗe baki. Sukan dubi naɗin rawani su bambanta malami da basarake. A zamanin daular Sakkwato, riga mai aiki kyauta ce ta girmamawa da sarki kan ba wanda ya yarda da shi, don haka wanda ya gan ta a jikin mutum ya san matsayinsa. Allon zayyana da ake ƙawata wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani shaida ce da ake karantawa tun daga nesa. Dagi, wannan ƙulli da ba a gane farkonsa balle ƙarshensa, ya fito daga jikin riguna da bangayen gidaje har ya zama tambarin Arewacin Nijeriya. A Zariya har yau ana zuwa kallon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a ƙarni na 19, ana mamakin yadda bakan-gizonsa ke ɗauke da rufi. Duk waɗannan karatu ne da ido, kuma da zama kusa da manya ake koyonsa. Yanzu da yaro ke wuni a makaranta ya kwana a kan waya, in makaranta ba ta karɓi wannan aiki ba, babu mai karɓa.

To yaya ake koyarwa? Ba abu ne mai wuya ko tsada ba. Wani malamin fasaha Ba'amurke, Edmund Feldman, ya shahara da matakai huɗu da malamai a ƙasashe da dama ke amfani da su. Na farko, ɗalibi ya faɗi abin da idonsa ya gani kurum, ba tare da ra'ayi ba. Na biyu, ya duba yadda aka haɗa abubuwan: me ya fi girma, me aka maimaita, ina ido ke fara sauka. Na uku, ya faɗi ma'anar da yake jin an nufa. Na huɗu, ya yanke hukunci ko aikin ya cim ma abin da ya nufa. Wanda ya taɓa zama a makarantar ilimi ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin haka ake ɗaukar littafi a gaban malam: a karanta lafazi daidai tukuna, a bi shi kalma-kalma, sannan a shiga sharhi. Wanda ya yi tsalle zuwa sharhi bai gyara karatunsa ba, malam zai mayar da shi baya. Haka ya kamata a yi da hoto. Kuma akwai tambaya ɗaya da ta fi kowace muhimmanci, wadda ya kamata malami ya riƙe kamar tasbaha: me ka gani a jikin aikin da ya sa ka faɗi haka?

Bari mu kawo misali da abin da kowane ɗan Maamobi ya sani, wato buhun gawayi. Ibrahim Mahama, gwanin fasahar nan da aka haifa a Tamale a 1987, ba ɗan kasuwar da suke suna ɗaya ba, ya yi suna a duniya da tsofaffin buhuna. Yakan tara su, a ɗinke su su zama wani makeken mayafi, a lulluɓe gini da shi. An nuna aikinsa a babban baje kolin fasaha na Venice da ke Italiya a 2015, a 2016 kuma ya lulluɓe ginin National Theatre da ke tsakiyar Accra. Malami na iya shigo da buhu ɗaya aji tare da hoton wannan gini. Me kuka gani? Ɗalibai za su ce faci, da baƙin gawayi, da tambarin hukuma da ya kusa gogewa, da sunayen da 'yan kasuwa suka rubuta da fenti. Daga ina buhun ya fito? A nan za su ji cewa a ƙasashe irin su Indiya da Bangladash ake saƙa irinsa, a shigo da shi don zuba koko, in ya gama wannan aiki sai ya faɗa hannun masu masara da masu gawayi. Wa ke ɗaukarsa? Yanzu ajin zai yi tsit, domin da yawa daga cikinsu iyayensu ko maƙwabtansu ne ke dakon irin wannan buhu. Sai tambaya ta ƙarshe: me ya sa mutum zai ɗauki kayan ɗan dako ya rufe ginin da manya ke shiga da takalma masu ƙyalli? Wani zai ce don a tuna da guminsu ne. Wata za ta ce don a nuna arzikin ƙasa a kan kafaɗar wa yake tafiya. Malami ba zai ce wannan ce amsa ba. Zai ce kowa ya nuna hujjarsa a jikin buhun. A cikin darasi ɗaya an taɓo tarihi da tattalin arziki da tunani, kuma ba a kashe ko sidi goma ba.

Misali na biyu yana nan kusa, ana iya zuwa da ƙafa. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkiyya, an gina shi ne bisa salon masallatan Istanbul, da ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi huɗu. A ajiye hotonsa kusa da na masallacin Larabanga da ke Arewa, wanda aka gina da ƙasa, itatuwa sun leƙo daga jikinsa, ana shafe shi da farar ƙasa. Alƙibla ɗaya, salla ɗaya, amma gini biyu da ke faɗin abubuwa daban. Ɗaya yana nuna zumunci da Musulmin duniya da ƙarfin dukiya, ɗayan yana nuna hannun mutanen gari da ke taruwa su gyara shi bayan damina. A bar ɗalibai su yi muhawara: wanne ya fi kama da mu, kuma don me? Ba a buƙatar su yarda da juna. Ana buƙatar su iya kare abin da suka faɗa.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu musamman, mu da muke zaune a tsakiyar wasu al'ummu. Ƙasar nan da alamu take magana. Tutar da Theodosia Okoh ta tsara a 1957 tana da ja don jinin waɗanda suka yi gwagwarmaya, da ruwan zinariya don ma'adinai, da kore don dazuzzuka, da baƙin tauraro don 'yancin Afirka. A daren 6 ga Maris na wannan shekara, Kwame Nkrumah da abokansa sun hau dandamali sanye da fugu, rigar mutanen Arewa, kuma duk mai ido ya san ba don sanyi suka sa ta ba. Tambarin makarantar Achimota baƙaƙe da fararen maɓallan piyano ne, bisa koyarwar James Aggrey cewa sai an haɗa su biyu kiɗa ke daɗi. Alamomin adinkra na Akan, irin su Sankofa da Gye Nyame, suna jikin kujeru da ƙyamare da atamfa. A Teshie maƙwabtanmu Ga sukan sassaƙa akwatin gawa da siffar kifi ko jirgin ruwa don a san sana'ar mamaci. Ranar zaɓe kuma, tsohuwar da ba ta yi boko ba da giwa ko laima ko jan zakara take gane inda za ta dangwala. Yaron zango da ya iya karanta waɗannan ya san maƙwabcinsa, wanda kuma ya iya bayyana aska takwas da zayyana da harshen da maƙwabcin zai gane, ya sa an san shi. Zaman tare da sanin juna yake ɗorewa.

Mun san akwai masu ja, kuma jansu ba na banza ba ne. Na farko su ne iyayen da ke tsoron hukuncin hoton abu mai rai. Wannan magana ce ta malamai, sun kuma tattauna ta tun da daɗewa, ba mu da niyyar shiga gonarsu. Abin da za mu ce shi ne karanta hoto daban, ƙera shi daban. Wanda ya ƙi zana mutum ma yana riƙe da takardar sidi mai fuskokin mutum shida a aljihunsa, yana kuma ganin fasta a kowace kwana. Gane abin da hoto ke nufi da kai kariya ce. Ban da haka, fasahar Musulmi ta rubutun hannu da zayyana da gine-gine ta isa ta cika shekara guda ta darasi ba a zana ko kyanwa ba.

Na biyu su ne masu cewa wannan ba ya kawo maki kuma ba ya kawo abinci. Gaskiya ne ba a sayar da fassarar hoto a kasuwar Mallam Atta. Amma yaron da ya saba da duba abu a tsanake, ya rarrabe abin da ya gani da abin da ya zata, ya kawo hujja kafin ya yanke hukunci, shi ne zai iya amsa tambayar adabi da ta tarihi, shi ne kuma gobe zai zama nas da ke lura da canjin fuskar majinyaci, ko tela da ke gane abin da mai kaya ke so. Ga kuma El Anatsui, ɗan Anyako a yankin Volta, wanda ya koyar shekaru masu yawa a jami'ar Nsukka ta Nijeriya: da murafan kwalabe da wayar jan ƙarfe yake haɗa ayyukan da manyan gidajen tarihi na duniya ke rububi. Abin da ya raba shi da mai tsintar gwangwani shi ne ya ga ma'ana a inda wasu suka ga shara.

Na uku su ne masu cewa ai kowa da fassararsa, don haka babu abin koyarwa. A nan ne muka fi saɓa musu. Hoto na iya ɗaukar ma'ana biyu ko uku, amma ba ya ɗaukar kowace ma'ana. Wanda ya ce buhunan Mahama suna maganar wahalar ɗan dako yana da faci da gawayi a matsayin shaida. Wanda ya ce suna maganar wasan ƙwallo, sai ya nuna mana inda ya gani. Koyon wannan bambanci shi ne zuciyar darasin.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce aji. Shekara nawa aka yi, in za a nuna Nima ko Maamobi a jarida ko talabijin, babban kwalbatin da ya ratsa tsakaninmu ake fara ɗauka, da shara, da rufin kwano mai tsatsa? Kwalbatin yana nan, ba mu musa ba. Amma mai kyamara ya zaɓi inda ya tsaya, ya kuma zaɓi ya juya wa makaranta da masallaci da shagon maɗinki baya. Yaron da ba a koya masa tambayar wa ya ɗauki hoton nan, me ya bari a waje ba, zai girma yana ganin kansa da idon wanda ya raina shi. Haka nan 'yarmu da ke tsaye a gaban tallar aikin ƙasar waje: in ta saba tambayar wa ya tsara wannan murmushi, me ya sa ba a nuna ɗakin da za ta kwana ba, wataƙila ta tsaya ta yi bincike kafin ta miƙa fasfonta. Ga kuma hotunan bogi da ake haɗawa da kwamfuta a watsa a WhatsApp, a jingina wa malami ko ɗan siyasa abin da bai yi ba, har a tayar da husuma a unguwa. An ce gani ya kori ji. A wannan zamani, ganin ma sai an bincike shi.

Abin farin ciki, ba daga sifiri za a fara ba. Matasan unguwannin nan sun kafa ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art, wadda sunanta ma daga kalmarmu ta muhimmanci ya fito, suka ƙawata bangaye suka koya wa yara zane. Mohammed Awudu, wanda aka fi sani da Moh Awudu, ɗan Nima ne da zanensa na bango ya kai shi ƙasashen waje. Bikin fasahar titi na Chale Wote da aka fara a Jamestown a 2011 yana tara gwanaye kowace shekara, kuma kuɗin trotro kawai ke tsakaninmu da shi. A Tamale, Ibrahim Mahama ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a 2019, ɗaliban makarantu na zuwa kallo. Malamai suna nan, kayan darasi suna nan. Haɗa su ne ya rage.

Don haka muna kira ga malaman sakandare na yankinmu, na zane da na adabi da na zamantakewa duka, su ware ko da minti goma sha biyar a mako su ajiye hoto ɗaya ko abu ɗaya a gaban aji, su yi tambaya su kuma yi haƙurin sauraro. Muna kira ga makarantun Islamiyya su fito da allon zayyana da rubutun hannu na tsofaffin malamai su bayyana wa ɗalibai yadda aka tsara su. Muna kira ga ƙungiyoyin matasa su shirya zagaye a lokacin hutu, a bi bangayen Nima da Maamobi tare da waɗanda suka zana su, a kuma zauna da masu ɗinkin hula da riga tun suna raye. Mu iyaye kuma, mu daina sunkuyar da kai in an ce ɗanmu zane yake karantawa. Mu buɗe akwati mu fito da rigar kaka, mu tambayi yaro me ya gani, mu bar shi ya yi kuskure ya gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ido ma haka.

Allah ya buɗe basirar 'ya'yanmu, ya sa su ga gaskiya su gane ta, su ga ƙarya ko da an yi mata ado su kauce mata. Amin.